Gargaɗi ga Malaman Ƙasar Yawuri a kan Shirun da Suke Yi Bayan an Ƙirga Ƙuri'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya rataya amana a wuyan bayinSa, Ya kuma ajiye ranar da za a tambaye su a kanta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan takarda ce daga ɗan'uwanku, almajiri cikin almajiran Yalwa, zuwa ga malamai da alarammomi da gardawa da ɗalibai na ƙasar Yawuri baki ɗaya, tun daga Shanga har Ngaski da Wara, da mazauna bakin tafkin Kainji. Wanda takardar ta iske, ya karanta wa wanda ba ya karatu.

Ku sani, ya 'yan'uwa, wata magana ta yaɗu a zaurukanmu har ta kusa zama karatu. Da an gama zaɓe, an faɗi wanda ya ci, sai ka ji malami yana cewa almajiransa: mulki na Allah ne, Ya ba wanda Ya so, abin da ya rage mana haƙuri da addu'a. Farkon maganar gaskiya ne, ba mai musunsa sai kafiri. Ƙarshenta kuwa ƙarya ce aka jingina wa gaskiya domin ta sami wurin tsayawa. Abin da ya rage bayan zaɓe shi ne hisabi, watau a bi wanda aka zaɓa a tambaye shi abin da ya yi da amanar da aka ba shi. Wannan wajibi ne a kan jama'a, kuma ya fi nauyi a kan malamai, domin su ne suka hau mumbari suka ce a zaɓi wane.

Fasali a kan cewa wanda aka zaɓa wakili ne

Duk wanda ya karanta babin wakilci a Muhtasar na Shaihu Halilu ya san wakili amintacce ne a kan abin da aka wakilta shi, ba mai shi ba ne. Wanda ya wakilta shi yana da ikon ya ce masa zo mu yi lissafi, yana da ikon ya tuɓe shi. In ka ba mutum buhun albasa goma ya kai maka kasuwa, ya dawo, ba ka zama mai fitina ba don ka ce masa nawa aka saya. Shi ma ba shi da bakin cewa ka raina shi.

To, su waɗannan mutane da bakinsu suke kiran kansu wakilai. Majalisar da ke Abuja sunanta Majalisar Wakilai, kuma Yawuri da Shanga da Ngaski kujera ɗaya gare su a cikinta. Dakta Yusuf Tanko Sununu ya hau ta a 2019 ta lissafin Nasara, aka sake zaɓensa a 2023. Cikin Agusta na wannan shekara Shugaba Bola Tinubu ya naɗa shi ƙaramin ministan ilimi, kujera ta zama ba kowa, har aka sake fita zaɓen cike gurbi ranar 3 ga Fabrairu 2024. Gwamna Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, bai tabbata ba sai da aka yi zaɓe sau biyu, ranar 18 ga Maris 2023 aka ce bai kammalu ba, aka ƙarasa ranar 15 ga Afrilu. Ku duba sau nawa aka fito da talakan ƙasar nan daga gona da bakin ruwa ya tsaya layi cikin rana. Kowane fita wakilci ne ya bayar. Kowane ɗayan waɗanda aka zaɓa kuwa ya ɗaga Alƙur'ani ya rantse zai riƙe amana. Wanda ya rantse da Littafin da muka ƙare ƙuruciyarmu muna wankewa a allo, mu ne muka fi kowa cancantar tuna masa rantsuwarsa.

Magabata ba su ga aibi ga wannan ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa ma'aikacin zakka lissafi da ya dawo, ya kuma hana shi riƙe abin da ya ce kyauta aka yi masa. Sayyidina Abubakar, ranar da aka yi masa mubaya'a, ya nemi mutane su miƙe shi in ya karkace. Sayyidina Umaru yakan ƙididdige dukiyar gwamnoninsa lokacin naɗi, ya sake dubawa daga baya. A ƙasarmu ta Hausa, Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa abin da ya wajaba a kan sarakuna. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Kitabul Farƙi yana zargin masu mulki da cin dukiyar talakawa da karɓar gaisuwa. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami ga mutanen Kano. Sarkin Musulmi Bello ya rubuta Usulus Siyasa ga Ummarun Dallaje na Katsina. Waɗannan da sarakuna masu takobi suka yi magana. Mu da wa muke jin tsoron yin magana? Da mutumin da ya zo zaurenmu ya tuɓe takalmi ya durƙusa yana roƙon ƙuri'a.

Fasali a kan abin da shiru ya jawo mana

Ba na kawo muku labarin wata ƙasa. Cikin Shawwal na 1442, ranar 26 ga Mayu 2021, jirgin ruwa ya taso daga ɓangaren jihar Neja ya nufo Wara, ɗauke da mutum fiye da 150 da kaya, ya rabe a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Masunta suka kwana da kwanaki suna tsamo gawa. Ba a yi wata guda ba, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri da rana tsaka, suka kwashe ɗalibai da malamansu suka shige daji. An sako wasu kashi kashi. 'Yan mata 11 suka rage a hannun ɓarayin, iyayensu suna yawon neman taimako domin haɗa kuɗin fansa.

Ku tsaya a nan ku yi tunani. An yi zaɓen Fabrairu da na Maris 2023 alhali 'yan matan nan 11 suna daji. An buga ganga, an raba atamfa da taliya, an yi saukar Alƙur'ani domin wane ya ci, 'ya'yan mutane suna can. Na ƙarshensu ba su ga gida ba sai cikin Mayu 2023, bayan kusan shekara biyu. Malami nawa ne ɗan takara ya durƙusa gabansa, ya ce masa ba na yi maka addu'a sai ka gaya mini me za ka yi a kan yaran nan? Kowa ya tambayi zuciyarsa, ita ba ta yi masa ƙarya.

Ku duba kuma al'amarin tafkin nan. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taso ya cinye tsohuwar Busa da gungunan kakannin Gungawa da fadamunsu na albasa, aka tayar da kimanin mutum 44,000 aka kai su sababbin matsugunai. Wutar da ruwan nan yake haifarwa tana haska birane masu nisa, kuma ku da kanku kun san ƙauyukan bakin tafki da almajiri ke karatun dare da hasken kara. Sai a 2010 aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, wadda ake kira HYPPADEC, sa'an nan ta yi shekara goma a takarda kafin ta fara aiki. Shekara arba'in da 'yan kai kafin doka, shekara goma kafin aiki. Haka haƙƙi yake yi in masu shi ba su bi sawunsa ba.

Fasali a kan hujjojin masu shiru da warware su

In ka ce: an umurce mu da biyayya ga shugabanni, tambayarsu kuwa ƙofar tawaye ce. Sai in ce maka: biyayya cikin abin da ba saɓo ba tana nan, ban taɓa ta ba. Ban ce a ƙona taya ba, ban ce a jefi mota ba, ban ce a zagi kowa ba, duk wannan ɓarna ce kuma ƙungiyarmu ta barranta daga gare ta. Tawaye fita ne da makami a kan shugaba. Tambaya kuwa nasiha ce, nasiha kuwa ita ce addini. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bugu da ƙari, dokar da suka rantse a kanta ita ta ba mu wannan iko. 'Yan'uwanmu na ƙungiya da suka yi boko sun karanta mini sashe na 69 na tsarin mulkin 1999: in fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓa suka sa hannu, ana iya yi wa ɗan majalisa kiranye. Sun karanta mini dokar 2011 wadda ta ba kowa ikon ya rubuta wa ma'aikatar gwamnati yana neman bayani, a amsa masa cikin kwana 7. Wanda ya yi aiki da sharaɗin da shugaba ya karɓa da kansa bai fita daga biyayya ba.

In ka ce: nasiha ga shugaba a asirce ake yin ta. Sai in ce: na yarda, da ita ake farawa. To amma ka shiga ka fito, me ka faɗa? Mun ga malamai suna shiga gidajen waɗanda suka ci zaɓe ayari ayari da sunan taya murna, su fito da buhu da ambulan da alkawarin kujerar Makka. In nasiha aka yi a ciki, ina alamarta a waje? Hausawa sun ce in baki ya ci, ido ya ji kunya. Ni kaina wani ɗan takara, ba zan kama sunansa ba, ya aiko mini da shinkafa da kuɗi ana saura kwana kaɗan zaɓe, ya ce almajirai su yi masa sauka. Na ce wa ɗan aike ya mayar, ya gaya masa in ya ci zan zo da takardar buƙatun unguwa. Ya ci. Na tafi sau uku, mai gadi yana ce mini ba ya nan. Waɗanda suka karɓi shinkafa su ake buɗe wa ƙofa, domin an san ba za su tambayi kome ba. Kuma ku sani, cewar malami a zaɓi wane shaida ce, kuma shaidar da aka saya da kuɗi alƙali ba ya karɓarta. Wanda ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski, askin kuwa shi ne shirun shekara huɗu.

In ka ce: nutsewar jirgi da satar yara ƙaddara ce. Sai in ce: na yi imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta. Amma Manzon Allah ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya yi tawakkali. Sayyidina Umaru ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, ba wanda ya ce ya kafirta da ƙaddara. Fiƙihu ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi sakaci. Mai jirgin da ya loda fiye da ƙima yana da alhaki, ma'aikacin da aka ajiye a mashiga ya ƙirga mutane bai ƙirga ba yana da alhaki, wanda aka ba kuɗin rigunan ruwa ko na cire kututturan da ke ƙarƙashin tafki, in bai yi ba, yana da alhaki. Ana ambaton ƙaddara domin a sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Ba a mai da ita bargo a lulluɓe mai laifi.

In ka ce: malami ba ruwansa da siyasa. Sai in ce: wannan magana da kafin zaɓe ka faɗe ta da ta yi kyau. Ka shiga da ƙafa biyu ranar da ake rabo, sa'an nan ranar tambaya ka tuna kai mai zuhudu ne?

In ka ce: wannan almajiri ɗan adawa ne, wata jam'iyya ta saye shi. Sai in ce: ba ni da lema, ba ni da tsintsiya. Ku dubi abin da ya faru. A 2023 mutanen Kebbi suka ba APC gwamna, suka ba PDP kujerun dattawa uku, ciki har da tamu ta kudu wadda Garba Musa Maidoki ya karɓe daga hannun Bala Ibn Na'Allah. Cikin Mayu 2025 su ukun, shi da Adamu Aliero da Yahaya Abdullahi, suka koma APC. Ba ina hukunta niyyarsu ba ne, Allah Ya san zukata. Ina nuna muku ne cewa su ba su ɗauki jam'iyya addini ba. Amma a unguwanninmu akwai wanda ya bar gaida maƙwabcinsa saboda lema da tsintsiya, akwai wanda ya sauya masallaci domin limami ya yi wa wane addu'a, akwai wanda ya ƙi zuwa sunan ɗan ƙanensa. Shari'a ta hana ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku, mu mun kai shekara uku. Manya sun shirya suna cin tuwo akushi ɗaya, talaka yana riƙe da gaba. Wannan gaba kuwa ita ce garkuwarsu, domin jama'ar da ba ta gaisawa ba ta haɗuwa ta tambayi kowa kome.

Fasali a kan kuɗin jama'a

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai injin jirgi ya ji a jikinsa, mai ban ruwan shinkafa da albasa ya ji, mai kai kifi kasuwa ya ji. An ce mana kuɗin da aka tsimar zai koma ga jihohi da ƙananan hukumomi, kuma lalle kason da ake rabawa kowane wata ya ƙaru. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ranar 31 ga Agusta na shekarar aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 21 na Kebbi, jam'iyya ɗaya ta cinye su duka. Inda babu ɗan adawa a zauren majalisa, wa ya rage ya yi tambaya in ba jama'a ba? Kason Yawuri da na Shanga da na Ngaski ana buga shi a fili kowane wata, yaro mai waya yana iya nemo shi. Kuɗin nan baitulmali ne, haƙƙin maraya da gwauruwa da masunci yana ciki. Malamin da ya san rabon gado har tumuni da sudusi, ba ya cewa lissafin baitulmali ya fi ƙarfinsa.

Fasali a kan abin da muke kira a yi

Na farko, kowane malami ya tsare bakinsa daga abincin 'yan takara da na waɗanda suka ci, domin ya sami harshen yin magana. In buƙatar makaranta ce, a nema a fili da takarda da sunan makaranta, jama'a su gani.

Na biyu, a sulhunta waɗanda zaɓe ya raba. Limami ya kira su bayan sallar asuba ya haɗa hannuwansu, kafin a yi zancen kome.

Na uku, kowace unguwa da kowace tunga ta zauna, Bahaushe da Bagunge da Bakambare da Bashange da Bafillace, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, domin ruwa in zai ci mutum ba ya tambayar ƙabilarsa. A rubuta alkawuran da aka yi musu lokacin neman ƙuri'a, da wanda ya yi, da ranar da ya yi. A rubuta da ajami, shi ne hannunmu, a sa ɗan boko ya juya. Abin da aka rubuta ba ya ruɓewa kamar abin da aka bari a baki.

Na huɗu, bayan kowane wata uku dattawa su ɗauki takardar su tafi wurin kansila da shugaban ƙaramar hukuma da 'yan majalisa, da ladabi da sallama, su yi tambayoyi masu amsa. Nawa ya shigo, me aka yi da shi? Mashigar Wara da ta Yalwa wa ke ƙirga masu shiga jirgi, rigunan ruwa nawa ke akwai, wa ke hana tafiyar dare? Ina aka kwana a kan hanyar Malando zuwa Wara? Wane tsaro aka ajiye wa makarantun kwana? Wane ƙauye na bakin tafki ke kan layin samun wuta? A sanar da hakimai da fadar Mai Martaba Sarkin Yawuri Dakta Muhammadu Zayyanu Abdullahi, domin kada a ce an yi abu a ɓoye.

Na biyar, amsar da aka samu a karanta ta ga jama'a yadda take. Wanda ya cika alkawari a faɗa, a yi masa addu'a a fili, domin tauye haƙƙin mai kirki zalunci ne. Wanda ya saɓa a faɗa ba tare da zagi ko ƙari ba. Wanda ya rufe ƙofa a rubuta ranar da ya rufe, a ajiye takarda har lokacin da zai dawo ya tuɓe takalmi a zaure.

Ya ku ɗalibai, in malaminku ya ji nauyi, ku tuna masa da ladabi, kada ku ɗaga masa murya. Ya ku malamai, ku iyayena ne da yayyena, ban rubuta wannan don in ci mutuncin kowa ba. Mutane sun ba mu amanar kunnuwansu, abin da muka ce shi suke yi. Za a tsayar da wanda aka zaɓa a tambaye shi, za a tsayar da wanda ya ce a zaɓe shi a tambaye shi, kuma a wannan rana ba a karɓar buhun shinkafa.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci a Wara, Ya sanyaya zukatan iyayen Birnin Yawuri, Ya shiryi shugabanninmu Ya ba su mashawarta masu gaya musu gaskiya, Ya tsare ƙasar Yawuri da Nijeriya baki ɗaya daga fitina. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.